Silima a Majalisa: Yadda Ake Zaɓen Talabijin da Kayan Sauti a Gidajenmu na Saudiyya

Duk wanda ya shiga babban kantin kayan lantarki a Jidda ko Makka da niyyar haɗa wa iyalinsa wurin kallo irin na silima, abin da zai fara cin karo da shi lambobi ne: 4K, 8K, 120Hz, 5.1, wat 1000. An buga su a jikin kwalaye da manyan baƙaƙe, mai kanti kuma yana maimaita su da sauri, har mai saye ya ɗauka cewa lambar da ta fi girma ita ce ta fi alheri. Tun da aka sake buɗe gidajen silima a Saudiyya a watan Afrilun 2018, bayan fiye da shekara 30 suna rufe, 'ya'yanmu da ƙannenmu sun ga yadda katafaren allo da sauti mai kewaye mutum suke, suna dawowa gida kuma sai su ga tsohuwar talabijin ta yi musu kaɗan. Sha'awar ba laifi ba ce. Matsalar ita ce kamfanonin da ke ƙera waɗannan kaya suna yin lissafinsu ne a kan wani ɗaki dabam, wato ɗaki mai duhu, mai doguwar kujera guda da ke fuskantar allo kai tsaye, da mutum biyu ko uku a zaune. Majalisar Bahaushen Makka, wato ɗakin zama da karɓar baƙi, ba haka take ba. Zama ake yi a ƙasa ko a kan gajerun kujeru da aka jera a jikin bango uku, daɓen tayil ne ko marmara, mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, yana ruri dare da rana, ranar Juma'a kuwa bayan an sauko daga masallaci mutum 15 na iya haɗuwa a ciki. Kayan da ya burge a kanti yana iya ba da kunya a irin wannan ɗaki, saboda haka tef ɗin awo ne ya kamata a fara ɗauka kafin katin banki.

Awon farko shi ne tazarar da ke tsakanin bangon da za a rataya allo da wurin da aka fi zama. Ana auna girman talabijin da inci, daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta, ba daga hagu zuwa dama ba, don haka mai inci 65 faɗinta kusan santimita 144 ne, tsayinta kusan 81, mai inci 75 kuwa faɗinta ya kai santimita 166. Ƙungiyar injiniyoyin fim da talabijin ta Amurka, SMPTE, ta ba da shawarar allo ya cika aƙalla digiri 30 na abin da ido ke gani, kamfanin THX kuma ya fi son ya kai digiri 40 domin mai kallo ya ji ya nutse a cikin fim. A aikace, ma'anar wannan ita ce nisan zama ya kasance tsakanin ninki 1.2 da ninki 1.6 na girman allon. Mai inci 65 tana son a zauna tsakanin mita 2 da mita 2.6. Idan majalisar ta kai mutum yana zama mita 3 daga bango, mai inci 75 ce ta dace da ita, kuma sau da yawa gara a sayi mai inci 75 mai matsakaicin inganci da a sayi mai inci 55 mai tsada, a dawo ana ƙanƙance ido don karanta rubutun ƙasan allo.

Akwai kuma batun tsayin ratayewa, wanda masu haɗawa kan yi sakaci da shi. Al'adarsu ita ce su kafa allo can sama daidai fuskar mai tsayuwa, alhali mutanen gidan a kan kafet suke zama, idonsu bai wuce santimita 80 daga ƙasa ba. Sakamakon shi ne ciwon wuya bayan wasan ƙwallo guda, da launin da ya koɗe saboda ana kallonsa daga ƙasa. Ƙa'idar ita ce tsakiyar allo ta yi kusa da saitin idon mai zama. In kuwa dole ne a ɗaga saboda ƙananan yara, to a sa maƙalin bango mai lanƙwasawa, a ɗan sunkuyo da fuskar allon.

Sai lambar da aka fi tallatawa. Hoton talabijin ƙananan ɗigogi ne aka jera. Mai Full HD tana da ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye, wato kimanin miliyan 2. Mai 4K tana da 3840 da 2160, fiye da miliyan 8. Mai 8K ta haura miliyan 33. Amma idon ɗan Adam yana da iyaka. A kan allo mai inci 65, mai lafiyayyen ido yana daina rarrabe ɗigogin Full HD da zarar ya wuce kimanin mita 2.6, ke nan wanda ke zaune a ƙarshen majalisa da wuya ya ga bambanci tsakaninta da 4K, balle a zo ga 8K. Yau kusan duk babbar talabijin 4K ce, don haka babu wani zaɓi a nan, amma biyan ƙarin dubban riyal saboda 8K asarar kuɗi ce a ganina. Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce abin da za a riƙa kallo. Yawancin tashoshin da ke zuwa ta dish daga Arabsat da Nilesat ba su wuce HD ba, wasu ma ba su kai ba. Finafinan Hausa da karatuttukan malamai da ake kallo a YouTube, musamman tsofaffin, an ɗora da yawansu da ƙaramin inganci. Talabijin za ta shimfiɗa wannan hoto ya cika allo ta hanyar ƙirƙiro ɗigogin da babu su a asali, kamar a ƙara wa miya ruwa don ta ishi baƙi: ta yi yawa, amma ba ta ƙara daɗi ba. Kamfanoni sun sha bamban sosai wajen ƙwarewar wannan shimfiɗawa, shi ya sa yana da kyau mutum ya roƙi mai kanti ya cire bidiyon talla, ya buɗe masa wani fim na Hausa da ya saba kallo, ya ga yadda fuskokin 'yan wasa suka fito.

Inda zaman majalisa ya fi tasiri shi ne nau'in allon kansa. Mafi yawan talabijin da ake kira LED, a gaskiya allon LCD ne da aka kunna wa fitilu a bayansa, kuma wannan LCD iri biyu ne aka fi samu. Akwai VA, wanda baƙinsa ya fi zurfi kuma ya fi armashi a cikin duhu, sai dai da zarar mutum ya karkata gefe sosai launi zai fara koɗewa, fuskoki su yi fari-fari. Akwai IPS, wanda ke riƙe launinsa ko daga gefe, amma baƙinsa toka-toka ne idan an kashe fitila. A ɗakin mutum biyu masu fuskantar allo, VA ya fi. A majalisar da rabin mutane ke jingine da bangon hagu da na dama, suna kallo a kaikaice, IPS ya fi yi wa kowa adalci. Kwali ba ya yawan faɗin wane ne a ciki, kuma ba kowane mai kanti ne ya sani ba, amma gwajin ba shi da wuya: a tsaya a gaban allon a lura da launin fatar mutum, sannan a taka zuwa gefe har a kai inda mai zaman bango zai kasance, a ga ko launin ya sauya. QLED, sunan da Samsung ya fara tallatawa a 2017, shi ma LCD ne da aka ƙara wa wani shimfiɗi mai kyautata launi. Mini-LED kuma LCD ne mai dubban ƙananan fitilu da aka kasa yanki-yanki, ana rage wasu ana ƙara wasu gwargwadon hoton, kuma shi ne ya fi iya gogayya da hasken rana a ɗaki mai manyan tagogi.

OLED wani abu ne dabam. Ba shi da fitilar baya. Kowane ɗigo da kansa yake haske, idan an so baƙi sai ya mutu gaba ɗaya. LG ya fito da mai inci 55 kasuwa a 2013, kuma har yau wannan nau'i ne ya haɗa baƙi na gaske da kyan gani daga kowane gefe, abin da ya sa a takarda ya fi kowanne dacewa da majalisa. Sai dai akwai wata al'adar gidajenmu da ya kamata a sa a lissafi. Gidaje da yawa suna barin tashar Alƙur'ani mai nuna ɗawafi kai tsaye daga Harami, ko tashar Sunna daga Madina, a kunne tun daga asuba har dare. Tambarin tasha da rubutun da ke tsaye wuri guda na sa'o'i masu yawa kullum suna gajiyar da ɗigogin wannan wuri fiye da sauran, kuma a tsawon lokaci inuwarsu na iya zama a jikin allon OLED ba ta fita. Kamfanoni sun ƙara dabarun rage wannan haɗari, amma ba su kawar da shi ba. Gidan da haka tsarinsa yake, Mini-LED ko LCD mai kyau ya fi masa kwanciyar hankali. OLED na wanda zai kunna da dare ne, ya kalli fim ko wasa, ya kashe.

Alamar HDR da ke jikin kwali tana nufin talabijin na iya nuna tazara mai faɗi tsakanin wuri mai tsananin haske da wuri mai duhu a hoto guda. Tsare-tsarenta huɗu ne aka fi sani: HDR10 wanda kowa ke ɗauka, Dolby Vision, HDR10+, da HLG wanda BBC da NHK ta Japan suka samar don watsa shirye-shirye. Talabijin ɗin Samsung ba sa ɗaukar Dolby Vision, suna amfani da HDR10+ ne, amma wannan bai kai ya hana mutum saye ba. Abin lura shi ne ƙarfin haske, wanda ake aunawa da nit. Mai araha da haskenta bai wuce nit 300 ba tana karɓar HDR, amma ba ta da ƙarfin nuna shi, wani lokaci ma hoton kan fi duhu. Sai an doshi nit 600 zuwa 1000 ake ganin amfanin abin sosai. A kuma sani cewa talabijin ɗin kanti an saita su ne a yanayin baje koli, an ƙure haske da launi don su yi fice a ƙarƙashin fitilun rufi. Idan an kawo gida a mayar da ita yanayin silima, ko wanda aka rubuta wa Filmmaker Mode, a kuma kashe abin da ke santsantar da motsi yayin kallon fim, domin ana ɗaukar fim ne da hoto 24 a daƙiƙa, ƙarin hotunan da na'urar ke cusawa kuwa suna ɓata masa kama. Ga ƙwallon ƙafa ne allo mai 120Hz na gaske, wato mai sabunta hoto sau 120 a daƙiƙa, yake da rana.

Majigi ba zan daɗe a kansa ba. Shi ne hanya mafi sauƙi ta samun hoto mai inci 100 ko fiye, amma yana buƙatar ɗakin da za a iya duhunta sosai, ƙwan fitilarsa na da 'yan dubban sa'o'i kafin ya dushe, sai dai mai aiki da leza wanda ake yi wa ƙiyasin sa'a 20,000, kuma ƙurar ƙasar nan tana toshe masa mashaƙar iska har ya riƙa zafi. Ga ɗakin da yara ke kallo da rana ƙofa a buɗe, talabijin ta fi.

Yanzu ga ɓangaren da aka fi tauye wa haƙƙi, wato sauti. Mutum zai kashe riyal 5000 a allo, sannan ya dogara da 'yan sifikun da ke cikinsa, waɗanda saboda sirantar talabijin ta zamani ba su da wurin motsa iska, kuma galibi suna fuskantar ƙasa ne ko bango. Kowa ya san abin da ke biyo baya. Ana cikin kallo dattijon gida zai juyo ya ce wa jikansa: “Kai, ɗan nan, me mutumin ya ce ne? Ƙaro mana murya.” Yaron ya ce: “To, Baba Alhaji,” ya danna rimot. Minti biyu bayan haka mota ta fashe a cikin fim, jariri ya farka, daga ciki uwar gida ta aiko a rage. Haka za a yi ta ƙarawa ana ragewa har a tashi. Dalilin wannan abu uku ne suka haɗu. An haɗa sautin fim ne don babban zauren silima, inda tazarar raɗa da fashewa take da faɗi ƙwarai. Baƙaƙen da ke bambanta kalma da kalma, irin su s da sh da f da t, suna cikin siririn sauti ne, wanda shi ne kunne ke fara rasawa idan shekaru suka ja. Sannan fim ɗin da aka tsara wa sifika shida an matse shi cikin ƙanana biyu, magana ta cakuɗe da kiɗa da ƙarar mota. Ƙara murya ba ya warware ko ɗaya daga cikin ukun.

Abin da ke warwarewa shi ne a ba magana sifikarta ta kanta. Wannan ne asalin ma'anar lambobin nan masu ɗigo a tsakiya. A tsarin 5.1, biyar ɗin su ne sifikar hagu, ta dama, ta tsakiya, da biyu na gefe zuwa baya. Ɗayan kuma shi ne wufa, akwatin da ke fitar da kaurin sauti kaɗai. Kusan duk maganar 'yan wasa ta sifikar tsakiya take fitowa, kuma idan tana nan ana iya ƙara mata ƙarfi ita kaɗai ba tare da an ƙara wa fashewar bam ba. Ƙa'idar da hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta shimfiɗa ita ce na hagu da dama su kasance digiri 30 daga tsakiya, na baya kuma tsakanin digiri 100 da 120, duk an auna daga kujera guda da ke tsakiyar ɗaki. A nan tsarin ya yi karo da majalisa, domin babu mai zama a tsakiyar majalisa. Wurin faranti ne da shayi. Wanda ya jingina da bangon baya, sifikar baya tana bisa kansa, zai ji kukan tsuntsu da ruwan sama sun fi magana ƙarfi. Wanda ke bangon hagu kuwa rabin sautin kawai yake samu. Ga shi kuma finafinan Hausa da wa'azi da labarai kusan duk da hanya biyu aka naɗe su, hagu da dama, saboda haka sifikun baya ko dai su yi shiru ko su riƙa maimaita abin da na'ura ta ƙago musu.

Don haka ga majalisa irin tamu na fi karkata ga tsarin 3.1, wato hagu da tsakiya da dama da wufa, ko a sifiku dabam-dabam da amfilifaya, ko a sandar sauti mai kyau da ake ajiyewa ƙarƙashin allo. Kuɗin da za a kashe wa sifiku biyar masu rauni, idan aka zuba shi a uku masu inganci, kowa a ɗakin zai amfana. Cikakken 5.1 ko 7.1 na wanda ya keɓe ɗaki ne ya sa kujera a tsakiya. Haka ma Dolby Atmos, wanda ya shiga gidajen silima a 2012, ya iso gidaje a 2014, yana ƙara sauti daga sama. Shi ne lamba ta uku a rubutu irin 5.1.2. Sandunan sauti da yawa suna kwaikwayon wannan ta hanyar harba sauti sama ya bugi silin ya dawo, dabarar da ke buƙatar silin shafaffe mai matsakaicin tsayi. Silin ɗin jibis mai hawa-hawa da ramukan fitilu da ake yayi a gidajen Jidda yana warwatsa sautin kafin ya dawo, sai a biya kuɗin abin da ba za a ji ba. Idan da za a tambaye ni yadda za a raba kuɗi, zan ce kashi ɗaya cikin uku ya tafi ga sauti, ko da hakan zai sa a sauko mataki guda a tsadar allo.

Kafin ma a sayi sifika, ɗakin kansa yana da gyara. A tsaya a tsakiyarsa a tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi. Idan aka ji ƙarar ta yi wutsiya tana kaɗawa, to tayil da bangon siminti da gilashin taga suna mayar da sauti, kuma kowace kalma za ta iso kunne sau da yawa a jere, ta farko daga sifika, sauran daga bango. Kafet mai kauri tsakanin allo da masu zama, labule mai nauyi, da tumtum da matasan jingina suna shanye wannan amsa-kuwwa, kuma a nan majalisar gargajiya ta fi falon zamani mai ƙyalli sa'a. Sai mukayyif. Na taga, wanda injinsa ke cikin akwati guda a jikin bango, rurinsa yana binne ƙananan sautuka, ya tilasta a ƙara murya fiye da kima. Mai raba biyu, wanda injinsa ke waje, ya fi shiru nesa ba kusa ba. Akwai gidan da sauya mukayyif zai fi sauya sifika amfani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa sauti mai ƙarfin desibel 80 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) ba ya cutar da babba idan bai wuce sa'a 40 a mako ba, kuma lokacin yana raguwa da sauri idan ƙarfin ya ƙaru, abin da ya kamata a tuna a gidan da yara ke zama dab da sifika.

Wufa na da nata hali. Galibi ana miƙa mata duk sautin da ke ƙasa da 80Hz, wato kaɗawa 80 a daƙiƙa, kuma igiyar sauti a wannan mataki tsawonta ya haura mita 4, wato ta kai girman ɗakin kansa. Shi ya sa take taruwa a wasu wurare ta ɓace a wasu: mai zama a kusurwa yana jin ƙirjinsa na rawa, na kusa da shi da taku uku yana cewa ba a kunna ba. Masu zaman jikin bango sun fi kowa samun wannan taruwa, don haka a majalisa ƙaramar wufa ta isa, kuma kada a cusa ta a lungu. Akwai dabara mai sauƙi ta nemo mata wuri: a ɗora ta inda aka fi zama, a kunna kiɗa mai kauri, a zagaya gefen ɗaki a durƙushe ana saurare, inda sautin ya fi fita daidai ba tare da gunji ba, nan ne mazauninta. Kaurin sauti kuma ba ya jin bango, yana bin siminti ya sauka har gidan maƙwabcin da ke hawan ƙasa. Mai zama a bene tare da maƙwabta, a garin da ake raba dare ana hira amma wasu na tashi tun kafin asuba, ya ɗora wufar a kan roba mai kauri, ya kuma saba da maɓallin yanayin dare, wanda ke rage tazarar raɗa da fashewa. Haƙƙin maƙwabci bai faɗi ba don an sayi sabon kaya.

Game da wat kuwa, a yi hattara. Akwatin da aka rubuta wa wat 3000 da haruffan PMPO, lamba ce ta talla da ba ta da ma'auni tsayayye. Wadda ake dubawa ita ce RMS, ƙarfin da na'ura ke iya bayarwa a ɗore. Ko ita ma ba ta da tasirin da ake zato, domin ninka wat sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa, kuma sai an ninka sau goma kunne ke jin ƙara ta ninka. Sifikar da aka rubuta wa desibel 90 a ma'aunin saurin amsawa tana buƙatar rabin wutar da mai 87 ke buƙata don su yi ƙara ɗaya. Wat 50 zuwa 80 na gaskiya ga kowace sifika ya ishi majalisa. Wanda zai sayi amfilifaya dabam ya tabbatar tana ɗaukar om ɗin sifikunsa, wato ma'aunin turjiyarsu ga wuta, 4 ne ko 6 ko 8, ya kuma yi amfani da ɗan makirufon da ke zuwa da ita. Denon da Marantz suna da tsarin Audyssey, Yamaha na da YPAO. Na'urar za ta fitar da wasu sautuka, ta saurari yadda ɗakin ya amsa, ta daidaita kanta. Aikin minti 15 ne, amma da yawa makirufon na nan cikin ledarsa har kayan su tsufa.

Haɗin waya ba shi da wahala idan an san rami guda. A bayan talabijin akwai ramin HDMI da aka rubuta wa ARC ko eARC, shi ne ke mayar da sauti zuwa sanda ko amfilifaya, kuma ta nan rimot guda ke iya sarrafa duka. ARC ya zo da HDMI 1.4 a 2009, yana ɗaukar sautin da aka matse. eARC ya zo da HDMI 2.1 a 2017, yana ɗaukar cikakke. Tsohuwar wayar sauti ta haske, wadda ake kira optical, ba ta ɗaukar Atmos. Wayar HDMI mai tsada ba ta ƙara kyan hoto ko kaɗan, abin dubawa kawai shi ne ajinta: mai gigabit 18 ta ishi 4K na yau da kullum, mai 48 kuma sai ga masu PlayStation 5 da makamantanta da ke son 4K a 120Hz. Intanet ma na cikin lissafi, domin Netflix na neman aƙalla megabit 15 a daƙiƙa don 4K, kuma a gidan siminti da waya 10 ke jan wayfay lokaci guda, jawo wayar intanet kai tsaye zuwa talabijin ya fi tabbas.

Saura wutar lantarki da takarda. Tun 2010 Saudiyya ta yanke shawarar komawa bolt 230, amma a tsofaffin gidajen Makka da Jidda har yanzu ana samun soket mai 127 kusa da mai 220, don haka a gwada kafin a soka. Amfilifayar da aka yi wa kasuwar Amurka bolt 120 kawai take ɗauka, kuma irinta kan faɗo a haraj, wato kasuwar gwanjo, da araha mai jan hankali. Soka ta a 230 ƙonewa ce nan take. A bar mata sarari ta sha iska, kada a kulle ta a cikin kabad a ƙasar da zafin bazara ke haura digiri 40. Kayan lantarki sabo da aka saya a hannun wakilin kamfani yana da garantin shekara 2 a ƙa'idar Ma'aikatar Kasuwanci, amma da fatura, wato rasit, ake nemansa, ita kuwa takardar kanti rubutunta na gogewa cikin 'yan watanni, sai a ɗauke ta hoto tun ranar. A tabbatar kuma farashin da aka faɗa ya haɗa da harajin kashi 15 cikin 100 da ake karɓa tun Yulin 2020, da kuɗin kawowa da na kafawa.

Masu niyyar aika kayan gida Kano ko Zinder ko Sakkwato suna yawan tambaya kan bambancin wuta, tunda ta Saudiyya 60Hz ce, ta Nijeriya da Nijar 50Hz. A duba bayan na'urar: idan an rubuta 100-240V da 50/60Hz, za ta yi aiki a can ba matsala, kuma yawancin talabijin na yanzu haka suke. Abin tsoro shi ne hawa da saukar wuta da sauyawa tsakanin janareta da layin gwamnati, wanda ke buƙatar sitabilaiza mai kyau tun ranar farko. Garantin da aka bayar a nan galibi ba ya bin kaya zuwa wata ƙasa. Kamfanonin jiragen sama da yawa suna iyakance jimillar tsawo da faɗi da kaurin kaya a santimita 158, kwalin mai inci 55 kuwa ya zarce haka, ke nan sai an biya kuɗin kaya na musamman ko a bi ta kargo. A kowane hali a bar ta cikin kwalinta na asali da kumfarsa, a rubuta a jiki cewa a tsaye za a ɗauke ta, domin babban allo idan aka kwantar da shi aka ɗora masa kaya, gilashinsa na tsagewa daga ciki ba tare da kwalin ya nuna alama ba.